Motar lantarki: Idan wa'adin haya ya cika, a sake ɗaukar irinta ko a sake lale?

A watan Fabrairun 2021 ne Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, NADDC, ta baje kolin Hyundai Kona a Abuja, motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Najeriya, a masana'antar kamfanin Stallion da ke Legas. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka. Bayan wata huɗu, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya zauna a bayan sitiyarinta ya ɗana ta a gaban 'yan jarida. A wancan lokacin litar fetur ba ta kai Naira 170 ba, don haka da yawa daga waɗanda suka ga hotunan sun ɗauki motar a matsayin kayan kallo.

A Amurka da Turai kuwa, Kona da takwarorinta motocin zuwa aiki ne, kuma da yawa daga masu tuƙa su ba sayen su suka yi ba. Haya suka ɗauka ta shekara biyu ko uku, suna biya wata-wata. Waɗanda suka sa hannu a 2022 da 2023 yanzu wa'adinsu ke cika, kuma kusan kowane ɗayansu na samun kira iri ɗaya daga dila: kawo tsohuwar, ga sabuwa irinta tana jiran ka, sa hannu kawai za ka yi. Tayi ne mai daɗin ji, musamman ga wanda motar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Sai dai wanda ya zauna ya karanta takardun zai tarar cewa a tsakanin yarjejeniyar farko da ta biyu, sunan motar ne kaɗai za a iya rantsuwa bai canja ba.

Maganar ta shafi masu karatu a Abuja ta fuska uku. Akwai ma'aikatan da ake turawa ofisoshin jakadancin Najeriya na 'yan shekaru, waɗanda haya ta fi dacewa da zamansu fiye da saye. Akwai jami'an sufuri na ma'aikatu da hukumomi, da hadiman da ake cewa su rubuto shawara kan motar da maigida zai hau. Sannan ita kanta hayar motar lantarki ta iso gida: a farkon 2025 kamfanin LOXEA, reshen CFAO mai harkar hayar motoci ta dogon zango, ya shigo da motocin BYD samfurin Atto 3 da Dolphin kasuwar Najeriya. Gaskiya ne cewa a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000, wannan ba cinikin kowa ba ne. Amma wanda zai rubuta takardar shawarar, ko da shi motar haya yake hawa zuwa ofis, shi za a tuhuma idan lissafi ya karkace.

Abin da mai haya ke biya

Hayar dogon zango ta sha bamban da ta kwana ɗaya ko mako guda da ake yi a filin jirgi. Kamfani ne ke sayen motar, ta zauna da sunansa, ya miƙa wa mutum makulli na wata 24, 36 ko 48. Kuɗin wata-wata daga abu uku ake fitar da shi: farashin motar ranar da aka ɗauke ta, darajar da kamfanin ya ƙiyasta za ta rage mata ranar da za a dawo da ita, da kuɗin ruwa ko ribar da ya ɗora. Giɓin da ke tsakanin na farko da na biyu shi ne ainihin abin da mai haya ke biya.

A ɗauki misali da mota ta Dala 40,000. Idan kamfani ya ƙiyasta bayan wata 36 za ta yi Dala 22,000, giɓin Dala 18,000 ne, wato Dala 500 a wata kafin a ɗora kuɗin ruwa. Idan kuma kasuwa ta tsorata shi ya rage ƙiyasin zuwa Dala 18,000, giɓin ya koma Dala 22,000, kuɗin wata ya haura Dala 610. Farashin motar bai motsa ko sisi ba, tsoron kamfanin ne ya ƙaru, kuma mai haya ne zai biya kuɗin tsoron.

A nan ne amfanin haya yake ga motar lantarki. Idan wa'adi ya cika aka tarar motar ba ta kai darajar da aka ƙiyasta ba, asarar ta kamfani ce, mai haya ya ajiye makulli ya kama gabansa. Sai dai wannan kariyar tana samuwa ne a haya zalla, wadda mota ke komawa hannun mai ita. Akwai wani nau'in da sunansa haya amma cikinsa sayen bashi ne: mutum zai biya kusan dukkan kuɗin motar cikin wa'adin, a ƙarshe ta zama tasa, da darajarta da faɗuwar darajarta. Dokar Hayar Kayan Aiki ta 2015 ta san nau'o'in biyu, kuma a Najeriya na biyun ya zama ruwan dare. Tambaya ta farko ga duk wanda aka kawo wa takardar sabuntawa ita ce wanne daga ciki aka kawo masa.

Masu gudun kuɗin ruwa suna da tsarin ijara, wanda bankuna irin su Jaiz da TAJ ke aiki da shi, kuma a kansa Gwamnatin Tarayya ta gina takardun sukuk ɗin da ta fara sayarwa a 2017 don gina hanyoyi. Ƙa'idar ijara ita ce nauyin mallaka yana kan mai kaya, nauyin amfani yana kan mai haya. A motar fetur wannan rabon ba ya cika jawo gardama. A motar lantarki kuwa batir shi ne mafi tsadar abin da ke jikinta, don haka ya kamata a rubuta ɓaro-ɓaro a wuyan wa yake idan ya gaza.

Suna ɗaya, mota biyu

Kamfanonin ƙera motoci suna riƙe suna ne saboda ya karɓu, su kuma canja abin da ke ƙarƙashinsa. Kona ta farko mai lantarki ta fito a 2018, babbarta na ɗauke da batir mai yunit 64, wato irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa, kuma a gwajin Turai tana cin kilomita 484 da caji ɗaya. Wadda ta gaje ta a 2023 ta fi ta tsawo da kimanin santimita 15, but ɗinta ya tashi daga lita 332 zuwa 466, batirin ya ɗan ƙaru zuwa yunit 65.4, zangonta ya kai kilomita 514. Ta kuma zo da hanyar jan wuta daga batirin motar a kunna firji ko fanka, abin da mazaunin Kubwa ko Lugbe zai fi Bature sanin darajarsa. A ɗaya ɓangaren, ƙarfin fizgarta ya ragu sosai, daga 395 zuwa 255 a ma'aunin injiniyoyi. Wanda ya ƙaunaci tsohuwar saboda ƙanƙantarta da zafin tashinta zai iya shiga sabuwar ya ji baƙunci.

Lamarin Nissan Leaf ya fi haka tsanani. Tun fitowarta a ƙarshen 2010, batirinta ba shi da ruwan sanyaya, iska kawai ya dogara da ita, kuma tun a 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafi suka fara kokawa da saurin raunin batir. Bakin cajinta na gaggawa ma irin na Japan ne, wanda tashoshin Turai da Amurka suka riƙa juya wa baya. Leaf ɗin da aka fitar a 2025 ta sauya siffa, ta koma batir mai ruwan sanyaya, ta kuma sauya bakin caji. Mai tsohuwar Leaf da ya ce a ba shi irinta, wata mota daban za a ba shi, ko da kuwa ta fi tsohuwar kyau.

Akwai kuma akasin haka, inda samfurin ya tsaya cak kasuwa ta wuce shi. Kona sabuwa na ɗaukar kusan minti 40 kafin ta cika daga kashi 10 zuwa 80 cikin ɗari a tashar gaggawa, alhali Ioniq 5 ta kamfani ɗaya na yin haka cikin minti 18 a tashar da ta isa. Farashin batir ma sauka yake yi: ƙididdigar BloombergNEF ta nuna matsakaicinsa ya faɗi daga Dala 139 kan kowane yunit a 2023 zuwa Dala 115 a 2024. Motocin China masu batir nau'in LFP, wanda ya fi araha kuma ya fi jure yawan caji, sun cika kasuwannin da a da ba su da zaɓi. Motar da ta kasance zakara a ajinta shekara uku baya tana iya zama ta tsakiyar layi a yau ba tare da ta yi wani laifi ba.

Farashin jiya ya tafi da jiya

Mafi yawan masu sha'awar sabuntawa suna tuna kuɗin watan da suka saba biya ne, kuma a nan ake yawan shan mamaki. A Amurka, dokar rage hauhawar farashi ta 2022 ta tanadi rangwamen haraji har Dala 7,500 ga mai sayen motar lantarki, da sharaɗin a Arewacin Amurka aka harhaɗa ta. Kona daga Koriya ta Kudu ake kawo ta, don haka mai saye bai cancanta ba. Amma dokar ta bar wata ƙofa: motar da kamfani ya saya don bayarwa haya ana lissafa ta a matsayin ta kasuwanci, sharaɗin bai hau kanta ba. Kamfanoni suka riƙa karɓar rangwamen suna zuba shi cikin yarjejeniyar haya. Dala 7,500 a raba wata 36 ta haura Dala 200 a kowane wata. Wannan ne ya sa zuwa ƙarshen 2024 kimanin rabin sababbin motocin lantarkin da ke fita daga hannun diloli a Amurka ta hanyar haya suke fita.

Dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta rufe ƙofar daga 30 ga Satumban shekarar. Kafin nan, a watan Afrilu, an ɗora sabon haraji kan motocin da ake shigarwa ƙasar daga waje. Wanda ya ɗauki haya a 2023 ya ci gajiyar tallafin da babu shi a yau, kuma duk wani sassaucin da zai gani yanzu daga aljihun kamfani ya fito, wanda zai iya janye shi a ƙarshen wata.

A Birtaniya, inda ma'aikata da yawa ke ɗaukar motar lantarki ta hannun wurin aikinsu a riƙa cirewa daga albashi kafin haraji, harajin wannan alfarma ya tsaya a kashi 2 cikin ɗari na shekara uku, ya koma kashi 3 a Afrilun 2025, kuma an tsara zai riƙa hawa duk shekara. A watan ne kuma aka fara karɓar harajin hanya daga motocin lantarki, waɗanda a da aka yafe musu.

Su kansu kamfanonin haya sun ji jiki. Lokacin da Tesla ya zaftare farashin sababbin motocinsa da abin da ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari a wasu samfura a Janairun 2023, darajar na hannu ta bi shi ƙasa. Kamfanin Hertz, wanda a 2021 ya yi shelar odar Tesla 100,000, ya sanar a Janairun 2024 cewa zai sayar da motocin lantarki 20,000 saboda tsadar gyara da faɗuwar daraja, kuma bayan wata biyu shugabansa ya sauka. Masu haya na wancan lokacin sun tsira, domin asarar ba a kansu ta faɗa ba. Amma kamfanin da ya ƙone sau ɗaya yakan rage ƙiyasinsa a yarjejeniya ta gaba, kuma an riga an ga yadda hakan ke komawa kan kuɗin wata.

Lissafin Abuja

A Najeriya abubuwan da ke juya lissafin daban ne. Na farko ita ce Naira. Kafin Yunin 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Mota daga waje take zuwa, ko a harhaɗe ko a warwatse, don haka yarjejeniyar da aka ƙulla kafin faɗuwar Naira ba za ta sake dawowa a farashinta ba. Kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kafin a rage shi zuwa 27 a Satumban 2025, kuma duk kamfanin da ya ranci kuɗi ya sayi mota zai saka wannan a kuɗin wata. A gefen sauƙi, gwamnati ta cire harajin VAT daga motocin lantarki a 2024.

Faɗuwar Naira tana da wani sakamako da ya saɓa wa abin da aka gani a Amurka. Can, mota na komawa hannun kamfani da daraja ƙasa da ƙiyasi. A nan kuwa, idan yarjejeniyar farko ta yanke farashin da mai haya zai iya sayen motar da shi a ƙarshe, kuma da Naira aka yanke shi, akwai yiwuwar farashin ya zama garaɓasa idan aka gwada shi da kuɗin sabuwa. Wanda ke da irin wannan sharaɗin a takardarsa ya yi tunani sau biyu kafin ya mayar da makulli. Abin da zai rage masa zumuɗi shi ne kasuwar motocin lantarki na hannu a Najeriya ba ta yi faɗi ba tukuna, mai saye ba ya samuwa da sauri kamar na Corolla.

Na biyu ita ce wuta. A Afrilun 2024 Hukumar Kula da Lantarki ta ɗaga farashin rukunin Band A, masu samun wutar aƙalla awa 20 a rana, daga wajen Naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, kafin ya daidaita a 209.5 a watan Yuli. Mota irin Kona, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne da ɗan abin da ke zubewa wajen caji, a ce tana cin yunit 18 a kilomita 100. A farashin Band A wannan bai kai Naira 3,800 ba. Motar fetur mai shan lita 8 a wannan nisan, idan lita tana Naira 900, za ta ci Naira 7,200. Ko bayan ƙarin kuɗin wuta, motar lantarki na cin kusan rabi.

Sai dai ribar na tsaye ne a kan wutar gwamnati. Ƙaramin janareta mai fetur da ƙyar yake ba da yunit biyu daga lita guda, don haka yunit 18 zai sha lita tara ko fiye, wato ya zarce abin da motar fetur ɗin za ta sha. Mai sola ma yana da nasa cikas, domin a lokacin da rana ke dukan rufin gidansa motar tana harabar Sakatariyar Tarayya, sai dai in yana da manyan batura a gida ko wurin caji a ofis. Na'urar caji ta bango mai kilowat 7 na cika batir mai yunit 64 cikin awa tara zuwa goma, soket ɗin gida kuwa na neman kusan awa 30. Wanda ya ɗauki motar farko yana zaune a layin Band A, yanzu kuma mai gida ya ba shi notis zai koma unguwar da wuta ke zuwa awa takwas, lissafinsa na baya ya daina aiki ko da motar ba ta canja ba.

Na uku shi ne nisa. Yarjejeniyar haya tana da iyakar tafiya, a Amurka galibi mil 10,000 zuwa 12,000 a shekara, wato ƙasa da kilomita 20,000, kuma ana cajin duk abin da ya haura. Mai zuwa aiki daga Gwagwalada, kimanin kilomita 50 zuwa tsakiyar birni, zai ci kusan kilomita 26,000 a shekara a zuwa ofis da dawowa kaɗai. Tafiyar Kaduna, kusan kilomita 190, ba ta gagari irin wannan motar ba. Ta Kano, sama da kilomita 400 a kan babbar hanya da gudu da zafi, tana buƙatar caji a tsakani. NADDC ta gina tashoshin caji masu aiki da hasken rana a jami'o'in Sakkwato, Legas da Nsukka, 'yan kasuwa ma sun fara kafa nasu a Abuja da Legas, amma bakin caji bai zama iri ɗaya ba: motar da aka shigo da ita daga China, da ta Turai, da ta Amurka, kowace da nata. Canja samfuri na iya nufin canja na'urar da aka riga aka kafa a bangon gida.

Abin da sabo ke saye

Hausawa na cewa sabo turken wawa, suna kuma cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma a wannan cinikin kowace magana tana da gurbinta. Wanda ya yi shekara uku da mota yana da abin da talla ba ta bayarwa. Ya san ainihin kilomitan da take ci a watan Maris lokacin da zafi ya tsananta, ya san kwana nawa kayan gyara ke ɗauka kafin su iso, ya san ko garejin dila na ɗaukar waya. A ƙasar da makanikan da suka iya taɓa batir mai ƙarfin wuta ba su da yawa, gareji guda da aka gwada aka yarda da shi yana iya fin ƙarin kilomita 50 na zango daraja. Ga ma'aikatar da ke da motoci goma, zama a kan samfuri ɗaya na nufin direbobi ba sa buƙatar sabon horo, kuma taya da kayan gyara iri ɗaya za a ajiye.

Tarihin Kona kansa ya nuna inda haya da dila mai tsayawa ke da rana. A watan Fabrairun 2021 Hyundai ya sanar zai canja batura a motoci kimanin 82,000 a faɗin duniya, mafi yawansu Kona da aka ƙera tsakanin ƙarshen 2017 da Maris ɗin 2020, saboda haɗarin gobara, aikin da aka ƙiyasta zai ci kusan Dala miliyan 900. Masu motocin da ke ƙarƙashin kulawar dila sun samu sabon batir kyauta. Wanda ya sayo tasa ta bayan fage, babu wakilin kamfani a kusa, shi ne ke kwana da fargaba a irin wannan yanayi. Yadda dila ya riƙe mutum a ranar matsala hujja ce mai ƙarfi ta komawa wurinsa, ko ta guje masa.

Game da raunin batir, binciken da kamfanin Geotab ya fitar a 2024 ya nuna matsakaicin raguwar ƙarfinsa kashi 1.8 cikin ɗari ne a shekara, kuma zafi da yawan cajin gaggawa na ƙara saurin raguwar. Garantin da aka fi bayarwa shekara takwas ne ko kilomita 160,000, da alƙawarin gyara ko canji idan ƙarfin ya faɗi ƙasa da kashi 70. Motar da ta shekara uku tana da sauran shekara biyar na wannan garantin, matuƙar yana aiki a ƙasar da take. Wannan na ƙarfafa zaɓin da dila ba ya cika ambata, wato a sayi wadda ke hannu ko a tsawaita hayarta da wata shida ko shekara guda a kan kuɗi mai sauƙi. Kafin a yanke ko wanne, a nemi gareji ya auna lafiyar batirin ya ba da sakamakon a rubuce.

Wa'adin mota da wa'adin kujera

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da mutanen Abuja. Yarjejeniyar wata 36 da aka sa wa hannu bana za ta haura 29 ga Mayun 2027, ranar da wa'adin gwamnati mai ci zai ƙare. Hadimin minista ko na ɗan majalisa, aikinsa na rataye ne da kujerar maigidansa, kuma garambawul ba ya jiran zaɓe. Ma'aikacin dindindin ma yana da nasa agogon, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ga canjin wurin aiki da kan iya jefa shi jihar da babu tashar caji ko ɗaya da ya sani. Jami'in jakadanci kuma ana iya kiran sa gida kafin lokaci. Fita daga haya kafin wa'adi na da tsada, domin galibi ana neman wani kaso mai yawa na kuɗin watannin da suka rage. A yarjejeniyar farko mutum na iya yin sa'a wa'adin biyu su zo daidai, sa'ar ba ta bin sa zuwa ta biyu sai in ya sake aunawa.

Ga motocin ofis kuwa, tun bayan da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alfarmar motoci da gidaje zuwa kuɗi a 2003, motocin da suka rage a hannun ma'aikatu na aikin hukuma ne, kuma Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 na neman a gwada farashi. Jami'in da ya rubuta cewa a sabunta saboda an saba da kamfanin ya bar ƙofa a buɗe ga masu binciken kuɗi. Wanda ya haɗa da farashin kamfanoni uku, da littafin gyaran shekara uku, da lissafin wutar da aka sha, ya kare kansa ko da a ƙarshe samfurin da aka saba aka zaɓa.

Idan aka tattara, sake ɗaukar samfuri ɗaya shawara ce mai kyau ga wanda ke da tabbacin wuta a inda motar ke kwana, tafiyarsa ta yau da kullum ba ta haura iyakar da aka rubuta ba, dilansa ya nuna hali a ranar matsala, kuma sabuwar takardar ta zo da Naira, da batir a wuyan kamfani, da ƙofar fita idan aiki ya canja. Idan biyu daga cikin waɗannan suka gaza, tsawaita ta hannu na ɗan lokaci ya fi sabon ɗaurin shekara uku. Kuma a kowane hali, a karɓi sabuwar a yi kwana biyu da ita a kan hanyar da aka saba bi, daga gida zuwa ofis a cunkoson safiyar Litinin, kafin a ɗauki biro. Dila zai ce tayin na ƙarewa ranar Juma'a. Wata Juma'ar ma yana da motocin da yake neman wanda zai ɗauka.